Gida Ɗaya, Jirgi Uku

Kun daɗe kuna yi mini tsiya cewa ni ce tsohuwar da ba a karanta wa littafi sai an cika mata sharaɗi. Har jikokina sun haddace tambayar, suna kwaikwayon muryata: mutum nawa ake bi a ciki? In aka ce mutum ɗaya, sai in gyara zama. In aka ce uku ko huɗu, sai in ce ƙafata ta motsa, in nemi sandata. Kuna dariya ina taya ku. To, bana abin ya tashi daga na dariya, tun ranar da yayarku ta zo gaishe ni da labarin da ta rubuta da kanta, wanda na ji ana cewa mata na ta rububinsa a waya. Ta zauna a bakin gadona, matar da ta aurar da 'ya, amma tana ta gyaran mayafi kamar ranar jarrabawa. Na yi mata tambayar da na saba. Ta ce mutum huɗu ne, kowa da hanyarsa, sai can ƙarshe suke haɗuwa. Na ce ƙafata. Ta kashe wayar ta sa a jaka, ta yi murmushin da ban so ba.

"Ba komai, Umma. Ai ko a jirgi ma ba ni kika ɗauka ba."

Ban ba ta amsa ba, don bakina bai saba ba. 'Yar fari ce, ku kuma kun san yadda aka tarbiyyantar da mu: ba na kiran sunanta, ba na yaba ta a gaban mutane, ko tana jinjira in akwai manya a ɗakin ba na yi mata wasa. Shi ya sa na ɗauki biro. Abin da baki ya ji kunya, hannu zai faɗa.

Ni 'yar cikin garin Haɗeja ce, kuma abin kunyar shi ne na girma ina jin ƙarnin kasuwar kifi amma ruwan da ya wuce gwiwata ban taɓa shigarsa ba. Da na auri mahaifinku ya kai ni ƙauyensu can cikin fadama, inda yaro ke koyon iyo kafin ya koyi ɗaura wando, sai na zama abin kallo. Kakarku Iya, mahaifiyarsa, 'yar masunta ce gaba da baya, kakanninta daga wajen tafkin Cadi suka taso. Tun ranar da ta ga yadda na ƙanƙame gefen kwale-kwale ta raɗa mini 'Yar Birni, kuma har ta bar duniya ba ta kira ni da wani suna ba. Abu ɗaya na fi su da shi, wato karatun boko. Duk ranar kasuwa mahaifinku yakan biya ta wajen wata 'yar'uwata mai ba da hayar littattafai ya karɓo mini biyu ko uku a cikin leda, ya cusa su ƙarƙashin buhu don kada abokansa su gani. Bayan la'asar, in an gama surfe, matan unguwa sukan taru a gindin kanyar tsakar gidanmu, wasu na tsintar shinkafa, wasu na juya kifi a kan banda, ni kuwa ina karantawa.

A nan muka rabu gida biyu. Ni da Hajjo, matar maƙwabcinmu, muna son labari mai rassa: a bi wannan har ta shiga uku, a bar ta a nan, a koma wajen wancan da ke can wani gari bai san me ake ciki ba, a sake tsallakawa wajen na uku. Wannan ratayewar ita ce daɗin a wajena. Nakan ce haka duniya take, ba mutum ɗaya Allah ya zuba a cikinta ba. Iya kuwa ba ta ƙaunar irinsu ko kaɗan. Da na ce "bari mu leƙa wajen wane", sai ta ajiye faifai.

"'Yar Birni, ina kika baro mini yarinyar nan? Kin bar ta a bakin rijiya kin tafi yawo."

"Iya, za mu dawo mata, babi biyu ne kawai."

"Taura biyu ba ta taunuwa. Ni zuciya ɗaya gare ni. Kuma ki lura, duk mai labarin da ya tara mutane da yawa, wanda zai kashe yake nema."

Sai a fashe da dariya. Yayarku, lokacin ba ta wuce shekara goma ba, tana kwance a cinyar Iya don a ɗakinta take kwana, amma a wannan gardamar bayana take bi. Ita ce mai tuna mini inda muka tsaya da kowa. In na yi kuskuren suna ta gyara, ni kuma in yi kamar ban ji daga ina gyaran ya fito ba. Ta gado ni a son labari, ta kuma gado ni a tsoron ruwa. Iya ta yi ta fama ta koya mata iyo har ta haƙura. Kai kuwa Aminu, kana da shekara takwas kana tsallake mashigin bayan gari kamar tarwaɗa, har dukanka nake yi a kan haka. Habu, kai ba ka san komai ba sai cin ɗanwake da bin awaki.

A shekarar da nake ba ku labari, damina ta yi kyau har ta wuce kyau. Shinkafa ta yi kore shar, mutane na ta murna, amma tsofaffi sun daina dariya. Kullum da safe Iya takan je bakin ruwa ta kafa kara, da yamma ta koma ta tarar ruwa ya shanye shi. Ciyawar kacalla, doguwar nan da ta fi tsayin mutum, ta riga ta toshe hanyoyin da ruwa ya saba bi, don haka da ya taho daga yamma sai ya rasa mafita ya juyo kanmu. Gonaki suka fara tafiya, sai hanyar mota, sai makabarta. Maza suka yi ta cika buhuna da ƙasa suna jerawa. Muka koma tsibiri. Na daina karatu, don ba mai natsuwar saurare, kuma kwaɗi da macizai sun fara shigo mana ɗaki suna neman tudu kamar mu. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba, tsoron da ba ya zuwa gaba ɗaya, sai dai kullum ka tashi ka ga ya ƙara taku ɗaya zuwa ƙofarka.

Ranar da katangar bayan gidanmu ta zauna, da sanyin safiya, mahaifinku ya ce a haɗa abin da za a iya ɗauka, Haɗeja za mu. Jirage uku ne a bakin gidan: nasa, na ƙanensa Baffa Modu, da na mijin Hajjo. Nasa ne babba, zai ɗauke mu duka har da tukwane. Na tattara ku na nufe shi. Sai na ji muryar Iya a bayana.

"Ina za ki da su?"

"Jirgin Malam, Iya."

"Gida ɗaya ba ya shiga jirgi ɗaya. Yara uku, jirgi uku."

Na san da al'adar, amma na ɗauka magana ce irin ta hira. Ta taɓa ba mu labarin wani baffanta da ya zuba matansa da 'ya'yansa a jirgi guda za su biki, aka wayi gari babu wanda zai gaji ko akuya a gidan. Tun daga nan danginsu suka ɗauki wannan doka, ko kasuwa za a je ba a karya ta. Na dubi mahaifinku ina jiran ya ce wani abu. Ya sunkuyar da kai yana ɗaure buhun gero. Na durƙusa a cikin ruwan nan da ya kai mini ƙwauri, abin da ban taɓa yi ba, na yi wa surukata musu.

"Iya, don Allah ki bar mu tare. In mutuwa ce mu mutu tare."

"Ki daina faɗin haka, ba naki ba ne ke kaɗai." Ta kama kafaɗata ta tashe ni. Sai ta rage murya, har da ɗan guntun murmushi. "Ke da kike son labari mai rassa, 'Yar Birni? To ga shi Allah ya kawo miki."

Daga nan ta ce in raba ku da kaina, ni ce uwa. Ku saurara da kyau, don wannan shi ne abin da na ɗauki biro saboda shi. Na tsaya ina kallonku ku uku, ina lissafin da ba na fatan wata uwa ta yi. Duk wanda ya shiga jirgina ya shiga da wadda ba za ta iya cetonsa ba, iya ruwa fidda kai ne, ni kuwa ko kaina ba zan fitar ba. Habu ƙarami ne, sai hannun ubansa. Aminu ba ya bukatar kowa, in jirgi ya kife shi zai ja ni ma. Saura wadda ba ta iya ruwa ba, kuma a duk ƙauyen nan ba wanda ya san ruwa kamar Iya, ga shi ta rungumo goranta, ƙaton goran nan da masunta ke kifa ciki a kai su yi ta yawo a kan ruwa. Na ce Habu ya bi Malam, Aminu ya biyo ni a jirgin mijin Hajjo, ita kuma ta bi Iya a jirgin Baffa Modu.

Ta riƙe zanena da hannu biyu. Ba ta yi kuka da ƙarfi ba, cewa kawai take, "Umma, ni dai ke. Umma, ni dai ke." Mutane na kallo, surukata na tsaye. Ban rungume ta ba, ban ce mata komai ba. Na sa hannu na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, na miƙa ta. Na ga Iya ta kwance ɗankwalinta ta ɗaura mata a ƙugu, ta zura ɗaya bakin a igiyar goran ta ƙulle.

Da farko muna ganin juna. Jirgin mahaifinku na gaba, namu a tsakiya, nasu a baya, ina hango jar rigarta. Sai muka shiga kacalla. Wanda bai shiga ba ba zai gane ba: hanya ce 'yar siririya da masunta suka sara, ciyawa ta rufe dama da hagu, sama kaɗai kake gani, ga mararraba ko'ina, kuma ruwan na jan jirgi inda ya ga dama. Muka sha wata kwana, na waiwaya, babu kowa. Na duba gaba, babu kowa. Na ƙwala kiran Baffa Modu, tsuntsaye suka tashi, ba a amsa ba. Mijin Hajjo ya ce in zauna kada in kifar da mu, kowa zai fita ta hanyarsa, duk a jingar da ke tare wa Haɗeja ruwa za a haɗu. Ruwa na shigowa ta wata tsaga, Aminu na kwarfewa da ƙwarya. Muka wuce rumbu yana yawo shi kaɗai, muka wuce tunkiya ta kumbura. Hajjo, baiwar Allah, ta so ta sanyaya mini rai.

"Maman Aminu, yanzu da littafi ne, da kin juya shafi mun ga inda suke."

Na ce ta rufe mini baki. Ban taɓa yi mata magana haka ba. Amma gaskiya ta faɗa, kuma maganar ta shige ni har ƙashi. Sau nawa na bar 'yar mutane a bakin rijiya na tafi wani gari ina jin daɗi, don na san takardar na hannuna, in na matsu zan leƙa gaba? Yau ga ni a cikin babi ɗaya, sauran biyun ana can ana yin su, ba a tsaya jirana ba, kuma ba mai leƙa mini. Ina kallon Aminu sai in ji na ci amanar Habu. In tuna Habu sai in ji yatsun nan a zanena. Addu'a ma ta gagare ni, in na fara roƙa wa ɗaya sai in ji tsoron kada a ce shi na zaɓa.

Mun isa jingar Haɗeja rana ta take, wajen azahar. Mutane maƙil a kan tudun, da tabarmi da awaki da tsofaffi, kowa idonsa a ruwa. 'Yan'uwana suka zo suka ce in tafi gida in sa wani abu a cikina. Na ƙi. Duk jirgin da ya ɓullo daga cikin ciyawa sai in miƙe, in ya matso in ga ba namu ba ne, in ji wata can ta fashe da kukan murna, ni kuma in ji haushinta, Allah ya yafe mini. Bayan la'asar jirgin mahaifinku ya iso, ya tsaya kwasar wasu mutane ne da ya tarar a kan bishiya. Ya miƙo mini Habu yana barci. Ya dubi bayana, ya dubi gefena.

"Su Iya fa?"

"Na ɗauka suna bayanka."

Ko ruwa bai sha ba. Ya sauke mutanen, ya juya kan jirgin ya koma cikin kacalla. Na zauna da ɗa a cinya, ɗa a gefe, ina kallon inda ciyawar ta haɗiye shi. Rana ta yi ta sauka. Na tuna maganar Iya a gindin kanya, cewa mai tara mutane wanda zai kashe yake nema, na yi ta ture ta tana dawowa. Wata tsohuwa da ban sani ba ta zauna kusa da ni ta riƙe mini hannu.

Ana shirin kiran magariba ya dawo. Tun daga nesa na ƙirga kawuna, na ga uku, na sake ƙirgawa. Baffa Modu na zaune ya dafe kai. A tsakiyar jirgin ga jar riga, ga gora, ɗankwalin Iya na nan ɗaure a tsakaninsu, ƙullin ya jiƙe ya ƙi kwantuwa sai da aka sa wuƙa. Abin da Baffa Modu ya faɗa mana shi ne, sun ɓata hanya suka faɗa inda kogin kansa yake gudu, jirgin ya bugi kututture ya kife. Ya ga Iya ta ɗora yarinyar a kan goran, ita kuma ta riƙe igiyar tana tura shi wajen ciyawa. Goran mutum ɗaya yake ɗauka, yana ta nitsewa ta gefen da ta riƙe. Da ya sake ɗago kai, yarinyar na maƙale a cikin kacalla, igiyar ba kowa. Ko ƙarfinta ne ya ƙare, ko sakin ta yi, Allah kaɗai ya sani. Bayan kwanaki masunta suka same ta, aka yi mata sutura a Haɗeja. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Da aka sauko da yayarku, jikinta na ta ɓari, na miƙa hannu. Ta dube ni, ta wuce ta faɗa jikin ubanta. A gaban jama'a ne, sai na mayar da hannuna na gyara goyon Habu.

Ba mu koma ƙauye da zama ba. Mahaifinku ya ci gaba da noman shinkafarsa daga gari, kun shiga makaranta, rayuwa ta miƙe. Da hankali ya kwanta 'yar'uwata ta aiko mini da littafi, irin wanda nake so. Na kai inda aka ce "bari mu koma wajen wane", sai na ji ƙamshin ruwan nan da ruɓaɓɓiyar ciyawa, na fita na yi amai. Na sake gwadawa bayan shekara, haka. Tun daga nan na koma ɗariƙar Iya: a ba ni mutum ɗaya in riƙe hannunsa daga farko har ƙarshe, in zai halaka ina wajen. Ban ce masu son mai rassa sun yi laifi ba, na san daɗinsa fiye da ku duka. Mai ɗaki dai shi ya san inda yake masa yoyo.

Za ku ce me ya hana ni yin wannan bayani tun tuni. Kunya na ciki, ba zan musa ba. Amma babban dalilin shi ne, in na ce mata na ba Iya ita ne don na san Iya za ta fitar da ita ko ta halin ƙaƙa, to yarinya 'yar shekara goma za ta gane abin da ya ci kakarta. Na ga gara ta ji haushina da ta ɗauki wannan kaya. Mahaifinku ma, Allah ya jiƙansa, ya ce a bar maganar, za ta manta. Ba ta manta ba. Ta girma, ta yi aure, ta haihu, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ba abin da na nema na rasa daga hannunta, amma ban ƙara jin ta ce "ni dai ke" ba. Yanzu ta kai shekarun da za ta iya ɗauka, ni kuma na kai shekarun da ba a ajiye magana sai gobe.

Saboda haka, Aminu, in ka gama karanta wannan ka ba Habu, shi kuma ya kai mata har gida, kada a aika yaro. Sauran maganar tata ce.

Na ɗauki wanda ba ya bukatata, na ba ubanku wanda ya fi ƙanƙanta, ke kuma na sa ki inda na fi tsammanin za a fita da rai. Da ina da hannun da ya fi na Iya, da shi zan ba ki. Yatsunki da na ɓamɓare, har yau in na ɗaura zane ina jin wurin.

Ki zo da labarin naki ranar Juma'a bayan la'asar. Mutum huɗun duka zan bi, ƙafata ba za ta motsa ba. In kin ga na firgita kada ki tsaya, ki dai matso kusa yadda zan riƙe bakin mayafinki. Abu ɗaya nake roƙo, kuma na san masu rubutu ba sa so: kafin ki fara, ki faɗa mini ko dukansu sun isa tudu.

Ki zo, Zara'u.